Daren da na ce wa direba hanya lafiya, alhali injinmu ya makance tun ƙarfe goma sha ɗaya

Kawuna dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, shekarun da ya yi a Legas sun fi shekaruna a duniya, ni kuma wajensa na sauka bayan na gama karatun kwamfuta ina neman abin yi. Na rubuta wannan ne saboda samarinmu masu rubuta manhaja, na Agege da Idi Araba da Obalende da duk inda suke, musamman masu jawo bayanai daga dandalin sada zumunta ta hanyar API, wato ƙofar da dandali ke buɗe wa manhajoji. Abin da ya same mu zai iya samun kowa, kuma wallahi ni dai da wani ya zaunar da ni ya ba ni irin wannan labarin tun farko da ban jawo wa mutane asara ba.

Sai an fahimci kasuwar kafin a fahimci matsalar. Tumatir da tattasai da attaruhu daga arewa suke zuwa, daga irin su Kadawa da Kwanar Gafan a Kano, da wajajen Zariya da Funtuwa, a loda su cikin kwanduna a tirela a kamo hanya, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, sannan a hau babban titin Ibadan zuwa Legas. Kaya ne da ba ya jira. Motar da ta shigo kafin asuba daban, wadda ta shigo rana ta take daban, domin kwandunan ƙasa sun riga sun fara zubar da ruwa, matan da ke sari kuma sun riga sun saya a wajen wani sun tafi. Farashin safiya ma yawan motocin da suka kwana a kasuwa ne ke yanke shi. To babban tashin hankalin yana can ƙarshen tafiyar, daga Long Bridge zuwa Kara zuwa Berger, inda tanka ɗaya in ta faɗi ko aka rufe hannu ɗaya saboda gyaran titi sai mota ta yi awanni ba ta motsa ba. Amma direba yana da zaɓi in ya iso Shagamu, ko ya miƙe ko ya karya ta hanyar Ikorodu ya ɓullo Mile 12 ta baya. Hanyar Ikorodu ba daɗi gare ta ba, babu direban da ke son ta haka kawai, amma in gaba a toshe take ita ce mafita. Duk aikinmu a kan wannan tambayar guda ɗaya aka gina shi: in miƙe ko in karya?

Mu uku ne. Ni, da wani abokina ɗan Agege wanda ya fi ni iya Python, yaren rubuta manhaja, nesa ba kusa ba, da wata ƙanwarmu da ke koyon aiki a wani kamfani a Yaba tana taimaka mana da dare da ranakun hutu. Lokacin da gwamnati ta ɗage dakatarwar da ta yi wa Twitter a ranar 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai tun Yunin 2021, sai muka lura mutanen Legas sun dawo da al'adarsu ta rubuta halin da hanya take ciki, ga shafin LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, ga na hukumar kiyaye haɗurra, ga Gidi Traffic mai ba da labarin hanya, ga kuma talakawa da ke cikin gosulo suna huce haushinsu a waya. Duk da Turanci ko Pidgin, kuma direbobinmu ba su da lokacin karanta wannan suna tuƙi. Sai muka ce bari mu haɗa ɗan inji da zai riƙa tattaro waɗannan tuwit ɗin yana tace su, ya turo min taƙaitawa ta Telegram, ni kuma in yi saƙon murya da Hausa in jefa a guruf ɗin WhatsApp na dillalai da direbobi. Ba kamfani ba ne, ba mu da ofis, saba ce mai arha, wato kwamfutar da injin ke aiki a kanta dare da rana, muka kama haya a waje muna biya duk wata.

Yadda iyakar take

Ga wanda bai taɓa aiki da API ba, ƙofa ce da dandali ke buɗe wa manhajoji, maimakon mutum ya buɗe shafi da ido sai inji ya aika tambaya a ba shi amsa a tsare. Kuma kowace ƙofa da adadin ƙwanƙwasawar da aka yarda ka yi. A Twitter lokaci a yanke yake gida-gida na minti 15. A wancan lokacin, binciken tuwit na kwana bakwai da suka wuce an yarda manhaja ta yi tambaya 450 a cikin minti 15 in da makullin manhajar take shiga, wato lambar sirrin da dandalin ke gane ta da ita, ko 180 in da sunan mutum ɗaya take shiga. In ka wuce sai a dawo maka da lamba 429, wato tambayoyinka sun yi yawa, kuma ba za ka ƙara samun komai ta wannan ƙofar ba sai gidan lokacin ya ƙare an sake cika maka. Bayan wannan akwai wata iyakar ta wata-wata, matakin da muke kai na kyauta tuwit 500,000 aka yarda ka jawo a wata.

Kuma ba a ɓoye suke ba. A rubuce suke a takardun masu manhaja, sannan duk amsar da aka dawo maka da ita tana ɗauke da wasu layuka uku a samanta, x-rate-limit-limit da ke gaya maka nawa aka ba ka, x-rate-limit-remaining da ke gaya maka nawa ya rage, da x-rate-limit-reset da ke gaya maka daƙiƙar da za a sake cika maka. Wato a kowace tambaya ana gaya maka sauran kuɗin aljihunka. Mu ba mu taɓa karanta waɗannan layukan ba ko sau ɗaya, abin da ke cikin amsar kawai muke ɗauka mu wuce.

Lissafin da muka yi a farko shi ne wannan. Muna da kalmomi 12 da muke nema, Berger, Kara, Long Bridge, Otedola, Ojota, Ketu, Ogere, Shagamu da sauransu, kowacce da nata binciken daban, kowane daƙiƙa 30. Wato tambaya 24 a minti, 360 a minti 15. Muka duba muka ga 360 bai kai 450 ba, akwai rarar 90, muka ce shi ke nan. Muna kuma amfani da since_id, wato ka gaya wa dandalin lambar tuwit na ƙarshe da ka gani don ya ba ka sababbi kawai, saboda haka yawancin tambayoyinmu fanko suke dawowa kuma iyakar wata ba ta taɓa damunmu ba. Makonni aka yi abin yana tafiya sumul, har direbobi suka fara kirana kai tsaye in sun iso Ogere, har wasu dillalan da ba na layin Kawu ba suka nemi a saka su a guruf.

Daren

Ana saura kwanaki a fara azumi, kasuwa ta cika ta batse, kowa na son kayansa su shigo. Abubuwa uku ne suka haɗu a dare ɗaya, kuma kowannensu shi kaɗai da bai yi komai ba.

Na farko, abokina yana gida yana gwada wani sabon abu, yana so ya jawo tuwit na mako guda ya ga ranakun da gosulo ya fi yawa, kuma makullin da injin ke aiki da shi da shi ya yi gwajin a laftof ɗinsa, domin makulli ɗaya gare mu. Ita iyakar ba ta san wannan laftof ba ce wannan saba ce, makulli take ƙirgawa. Rarar 90 ɗin nan cikin ɗan lokaci ta tafi. Na biyu, wata babbar mota ta faɗi a kusa da Kara, mutane suka fara rubutu da yawa, mu kuma ba mu taɓa canza adadin tuwit da ake ba mu a kowace amsa ba, in ba ka faɗa ba 10 ake ba ka alhali kana iya neman har 100, to da rubutu ya yi yawa sai injin ya riƙa bin shafi na biyu da na uku, kowane shafi kuma tambaya ce mai zaman kanta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ci karo da 429.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, ƴan mintuna ne a sake cika mana. Na ukun shi ne ya kashe mu, kuma ni na rubuta wannan ɓangaren da hannuna. Na rubuta cewa in an samu kowane irin kuskure injin ya share ya ci gaba, ban bambance tsakanin intanet ta yanke da an ce ka dakata ba. Sannan a wajen ajiye lambar tuwit na ƙarshe, in amsa ta zo babu tuwit a ciki saboda kuskure, sai ya ajiye fanko a madadin lambar. To da aka sake cika mana 450 sai injin ya duba ya ga ba shi da since_id, sai ya ɗauka yau ya fara aiki, ya kama jawo tuwit na kwana bakwai gaba ɗaya goma-goma, kuma na tsara shi ne ba ya tura komai sai ya gama tattara duk shafukan. Kafin ya gama 450 ta ƙare, 429 ta sake zuwa, ya zubar da abin da ya tara, ya jira, ya sake farawa daga farko. Haka ya kwana yana yi. Kowane minti 15 yana jawo tuwit wajen 4,500 yana zubarwa, wato 18,000 a awa daga cikin kasonmu na wata, kuma ko ɗaya bai iso wayata ba.

Abin da ya iso wayata shi ne taƙaitawar da ke zuwa duk awa, ita kuma abin da take yi kawai ta duba ma'ajiya, in babu sabon rahoto ta rubuto "babu rahoton matsala a hanya". Ƙarfe sha biyu ta rubuto haka. Ƙarfe ɗaya ta rubuto haka. Wajen ɗaya da rabi direban da ke ɗauke da kayan Kawu da na wasu mutum biyu ya kira ni daga Shagamu, dattijo ne da ya girme ni sosai, ya ce "ƙanina ya hanya, in miƙe?" Na duba waya na ce "Yaya miƙe abinka, lafiya lau take." Ko taswirar Google ban buɗe ba, da na buɗe da na ga jan layi, amma na riga na saba injina ba ya ƙarya.

Bai shigo kasuwa ba sai da rana ta yi tsaka. Ban manta yadda aka riƙa sauke kwandunan ƙasa ruwa na bin ƙafafun ƴan dako ba, an biya su tun asuba suna zaune suna jira, masu sari sun tafi, abin da ya rage aka karyar da shi ga masu niƙa. Manomin da ke can gida wanda ya ci bashin taki yana jiran kuɗinsa bai san wani abu wai shi 429 ba, shi dai an ce masa kaya sun lalace a hanya.

Kawu bai yi min faɗa a gaban mutane ba. Sai da aka yi la'asar ya kira ni gefe ya ce in gaya masa abin da ya faru da Hausar da zai gane. Na ce Kawu kamar rijiya ce mai ita ya ce guga kaza za ka ja a awa, mu kuma muka ja fiye da haka aka karɓe gugar, injin kuma bai gaya min an karɓe ba. Ya yi shiru sannan ya ce "to ɗana mai rijiya ai bai yi laifi ba tunda ya faɗa maka tun farko. Ni abin da ban gane ba, yaron da ka aika ɗiban ruwa ya dawo hannu wofi, me ya sa zai ce maka tulu a cike yake? Da cewa ya yi ban samo ba ai da mun aika wani." Wannan maganar ita ce ta sauya yadda muka sake gina komai, domin ni da abokina tun safe gardamar da muke yi ta yadda za mu samu ƙarin tambayoyi ce, babu wanda ya tsaya a kan cewa injin ya mayar da "ban gani ba" ya zama "babu komai".

Shawarwarin da muka ƙi

Da labari ya bazu cikin abokai kowa da tasa dabarar. Wanda ya fi yawa shi ne mu buɗe asusun masu manhaja guda biyar ko goma da layukan waya daban-daban, in wannan makullin ya cika mu koma wancan. Ƙanwarmu ce ta tsaya kai da fata ta ce a'a, ƙa'idar dandalin ta hana buɗe manhajoji da yawa don aiki ɗaya da nufin zagaye iyaka, in aka gano kuma duka za a rufe har da na gaskiyar, sannan ta ce ko da ba a gano ba, injin da ya ƙone 450 a banza in ka ba shi 4,500 ƙone su zai yi, ramin ne ba a toshe ba. Gaskiyarta. Wani ya ce mu bar API mu riƙa kwasar shafin kai tsaye kamar mutum ne ke karantawa, wannan ma ya saɓa ƙa'ida kuma duk ranar da aka canza fasalin shafin injinka ya mutu ba sanarwa, mu kuma mutuwa ba sanarwa ita ce ainihin abin da muke gudu.

Akwai kuma wanda ya ce ai Tweepy, kayan aikin Python na magana da Twitter, tana da wait_on_rate_limit, ka kunna kawai ta riƙa jira da kanta. Haka ne kuma tana da amfani, amma a sani barci take sa injin ya yi har a sake cikawa, in duk aikinka a layi ɗaya yake tafiya to komai ya tsaya ke nan har da saƙon da ya kamata ya gaya maka an tsaya. Ga mai tattara bayanai don bincike wannan ba matsala ba ce, ya dawo gobe ya tarar an gama. Ga wanda direba ke jira a Shagamu matsala ce.

Gyaran

Abu na farko da muka yi ba shi da alaƙa da yawan tambaya ko kaɗan. Mun raba amsar injin gida uku: akwai matsala, babu matsala, da ban sani ba. Kowane saƙo yanzu da lokacin da aka yi tambaya ta ƙarshe da ta yi nasara yake farawa, in ya wuce minti biyar ba a samu amsa mai kyau ba sai wayata da ta abokina su yi ƙara, kuma kalmar "lafiya" ba ta fita sam sai in bayanin sabo ne. A nan ma muka gano wani ƙaramin kuskure, lokacin da ke jikin tuwit agogon UTC ne, wato agogon duniya na bai-ɗaya, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, mun daɗe muna nuna rahoto kamar ya girmi shekarunsa da awa guda ba mu lura ba.

Sannan muka koma kan lissafi, kuma abin kunya ne yadda ya zo da sauƙi. Binciken yana karɓar tambaya mai tsawon harafi 512 kuma ana iya haɗa kalmomi da OR, to kalmomi 12 ɗin nan duka sun shiga cikin tambaya biyu, ɗaya ta sunayen wurare haɗe da kalmomin gosulo da haɗari, ɗaya ta shafukan da muka amince da su. Muka ce a riƙa ba mu 100 a kowace amsa, muka cire masu maimaita tuwit ɗin wani. Daga tambaya 360 a minti 15 muka dawo 60, kuma ba mu rasa komai ba, ƙaruwa ma muka yi domin tuwit ɗaya da ya ambaci Kara da Berger da can sau biyu yake zuwa. Muka kuma daina tambaya da gudu ɗaya dare da rana, tunda motocinmu daga magariba zuwa hantsi suke wucewa, da rana sai injin ya sassauta.

Bayan gyaran sai injin ya riƙa karanta layukan nan uku a kowace amsa. In abin da ya rage ya yi ƙasa sai ya ajiye tambayoyin da ba su da gaggawa ya riƙe sauran don Long Bridge zuwa Berger kawai. In 429 ta zo ba ya sake ƙwanƙwasawa, yana duba lokacin da aka ce za a cika ya jira har lokacin ya ƙara ƴan daƙiƙu a kai. In kuma kuskuren na intanet ne ko na sabar dandalin, sai ya jira daƙiƙa ɗaya, in bai yi ba biyu, huɗu, takwas, yana ninkawa har zuwa wani iyaka, da ɗan bambanci na kai-tsaye a kowane jira don kada duk ayyukan su farka lokaci guda su sake cunkushewa a ƙofa. Lambar tuwit na ƙarshe ba a taɓa ta sai an samu amsa mai kyau, kuma ko ta ɓace an hana injin komawa baya fiye da awa ɗaya, domin gosulon shekaranjiya ba ya amfanar kowa. Gwaji kuma an daina yin sa da makullin aiki, mun ajiye tuwit na kwana biyu a fayil duk mai son gwaji ya yi a kansu.

Daga baya ƙanwarmu ta mayar da mu kan abin da tun farko ya kamata mu fara da shi, wato maimakon ka riƙa zuwa kana tambaya akwai sabo akwai sabo, sai ka buɗe layi ɗaya ka bar shi a buɗe ka ba da ƙa'idojinka, dandalin ya riƙa turo maka duk tuwit da ya dace yana fitowa. A matakinmu ƙa'ida biyar aka yarda, kuma sun ishe mu. Abin da na fi so da shi, ko babu tuwit yana turo ɗan sigina aƙalla duk daƙiƙa 20 don ka san layin na raye, wato shi kansa ya san bambancin shiru da mutuwa. Binciken sai ya zama na cike giɓi kawai in layin ya yanke.

Da aka sa kuɗi

Mun samu kusan shekara muna aiki lafiya. A farkon Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin takardun naira kasuwa ta rikice babu tsabar kuɗi, Twitter ta sanar za ta rufe API na kyauta, a ƙarshen Maris kuma aka fito da sababbin matakai. Na kyautar ya koma na yin rubutu kawai, tuwit 1,500 a wata, ba na karantawa ba. Mai bi masa a lokacin dala 100 ne a wata, kuma tuwit 10,000 za ka karanta. Daga baya aka ƙara wani na dala 5,000 mai tuwit miliyan ɗaya. Muka zauna muka raba, 10,000 a kwana 30 ya kama wajen 333 a rana, dare ɗaya mai haɗari zai iya cinye na kwana da yawa, ga shi a lokacin katunan naira da yawa ko dai an tsayar da su daga sayayyar waje ko an sa musu iyakar dala 20 a wata, sannan a watan Yuni aka saki naira dala ta tashi. Dandalinsu ne kuma su ke biyan kuɗin sabobinsu, suna da ikon sa farashi, mu ne dai ya kamata mu tuna tun farko cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Na kai wa Kawu lissafin na ce ko dillalai za su haɗa kuɗin. Ya ce zai iya tara su, amma ya tambaye ni su waye ma suke rubuta labarin hanyar nan da muke saye, na ce mutanen da ke cikin mota a wajen, ya ce to mu motoci nawa gare mu a kan titin nan kowane dare? A nan na ga abin da ya daɗe a gabana ban gani ba. Direbobinmu da yaran mota su ne suka fi kowa sanin hanyar, daga Mokwa har Ketu, kuma da Hausa za su faɗa babu buƙatar fassara.

Yanzu haka tsarin yake. Yaron mota in sun wuce Jebba ko Ogbomosho ko tolget na Ibadan ko Ogere ko Shagamu ko Kara yana jefa gajeren saƙon murya, ni ko wani yaro da muka koya wa mu shigar da shi ma'ajiya da wuri da lokaci, shafukan hukuma kuma da ido muke duba su tare da taswira kafin a ba kowa amsa. Ba shi da saurin na da, kuma akwai daren da babu motar da ta riga ta wuce balle a samu labari. Amma duk abin da muka koya a kan 429 ya biyo mu, har ma mun sa tamu iyakar, domin da muka ƙara hanyar da dillali zai aiko tambaya a mayar masa da tes, wato rubutaccen saƙon waya, sai muka ga wasu suna tambaya sau goma cikin minti biyar saboda zullumi, kowane tes kuma kuɗi ne, sai muka ce amsa ɗaya duk minti goma ga kowace lamba, kuma saƙon yana gaya maka ƙarfe nawa za ka iya sake tambaya. Wani Alhaji ya yi min ƙorafi a kai, na zauna na yi masa bayani da misalin rijiyar nan ya ce ya gane amma a mayar masa minti biyar ranar da yake da mota biyu a hanya, muka yi masa haka.

Direban nan har yanzu yana kirana in ya iso Shagamu. A makon da ya wuce ya kira wajen ƙarfe biyu, na duba na ga rahoton ƙarshe daga Kara ya kai minti arba'in, na ce "Yaya labarin da ke hannuna ya ɗan tsufa, ban san halin da ake ciki yanzu ba, ka ɗan faka ka sha shayi in kira yaron motar da ke gabanka." Ya ce to, ya faka.